Lid ya ƙi kama fanel, ayon ɗina yayi baƙi, ta ina ake fara koyon gyara?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah masu gyara a cikinmu ina neman shawara. Ni ina Gombe ne, na gama sakandare yanzu ina zama a shagon cajin waya na yayana, to kusan kullum sai an kawo mana waya da ta daina caji ko tocila mai caji ko ƴar fankar nan ta sola a ce ko zamu iya dubawa, mu dai sai dai muce a kai wa mai gyara, kuɗin da ya kamata ya shigo shagon yana wucewa ta gabanmu muna kallo. Shine naje sabuwar kasuwa na sayo ayon (ƙarfen narkar da dalma) mai 60W irin wanda ake jonawa kai tsaye a soket ba wajen rage zafi, da lid (wayar dalmar liƙi) naɗi ɗaya da wani fes (man da ake shafawa don lid ya kama) a ɗan gwangwani. Matsalar itace in na sa lid a bakin ayon sai ya dunƙule ya gangaro ƙasa, in ma na samu na kai shi kan fanel ɗin (allon da aka jera kayan lantarki a kai) sai ya zauna a sama kawai da na taɓa da farce ya ɓalle. Bakin ayon ɗin kuma yayi baƙi ƙirin yanzu ko narkar da lid ɗin da ƙyar yake yi. To ayon ɗin ne jabu ko lid ɗin ko hannuna ne? Sannan wani abokina yace ɓata lokaci nake in ban sayi buluwa (injin hura iska mai zafi) ba. Akwai wayar ƙanwata da bakin cajinta ya saki ina tunanin in fara gwadawa da ita tunda ta gida ce. Allah ya saka da alheri.

Baba mai rediyo:

Wa'alaikumus salam ɗana. Da farko dai ka mayar wa ƙanwarka wayarta kada ka jawo a zauna shari'a a gida. Waya ita ce ƙarshen karatu a wannan sana'a, ba a fara alif da ita.

Hannunka lafiya lau, ayon ɗin ma da wuya a ce jabu ne, zafi ne yayi masa yawa. Irin wannan da ba shi da wajen ragewa in ka bar shi a jone yana zaune ba aiki zafinsa yana iya wuce digiri 400, alhali dalmar da muke aiki da ita mai rubutun 60/40 a wajen digiri 183 zuwa 190 take narkewa, mai 63/37 kuwa a 183 cak. To bakin ayon da aka bari tsirara cikin wannan zafi sai iska ta ci shi yayi wannan baƙin da kake gani, shi kuma baƙin nan baya barin zafi ya wuce, dalma kuma bata kama shi ko zaka kwana kana gogawa. Ka cire shi daga wuta ya huce ka duba bakin. In jan ƙarfe ne zalla har waje to ka ɗan goge shi da sanfefa mai laushi har jan ya fito. In kuwa irin mai farin rufi ne mai sheƙi kada ka kusance shi da sanfefa ko zarto, rufin nan shi ne ransa, da ka kankare shi dalma zata cinye jan ƙarfen ciki bakin ya rarake. Shi wannan da soso mai ɗan danshi ake goge shi yana da zafi. Bayan ka tsaftace sai ka naɗa dalma a bakin tun yana sanyi kamar zagaye huɗu ko biyar sannan ka jona, yana fara zafi zata narke ta lulluɓe shi kafin iska ta samu damar taɓawa. Daga yau duk sanda zaka ajiye ayon ka bar masa ɗan ɗigon dalma a baki, sai zaka ɗauka ka goge.

Yanzu ainihin maganar, ba a ɗauko dalma a bakin ayon a kai ta wajen aiki. A tsakiyar wayar dalmar nan akwai fulas, shi ne hayaƙin da kake gani yana tashi, aikinsa ya wanke datti da tsatsan wajen don dalma ta kama, to in ka narkar da ita a bakin ayon kafin ka isa fanel fulas ɗin ya riga ya ƙone ya tafi, ka kai dalma busasshiya shi yasa take zama a sama. Ka sa gefen bakin ayon ya taɓa ƙafar abin da kuma ɗan zagayen jan ƙarfen da ke jikin fanel, su biyun a lokaci guda, ka ƙirga ɗaya biyu, sai ka kawo dalma ta ɗaya gefen ta taɓa ƙafar ba ayon ba. Zaka ga ta narke da kanta ta zagaye ƙafar ta shige ramin kamar yadda man shanu yake bin kasko mai zafi. Ka janye dalma tukuna sannan ayon, kada ka hura da baki kada ka motsa ƙafar har ta daskare. Gaba ɗaya bai wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu ba. Mai kyau zaka ganshi da sheƙi, ƙasansa da faɗi yana tsukewa zuwa sama kana ganin kan ƙafar ya ɗan leƙo. In ya fito dunƙule ko fatsi-fatsi to zafi bai ratsa ba, a sa fulas a sake. In kuma ka daɗe da ayon a wajen jan ƙarfen fanel ɗin zai ɗago daga jikinsa, wannan kuma sai an ja jamfa, wato a haɗa layin da ƴar waya.

Fes ɗin gwangwanin nan ka bincika. Akwai wanda na masu gyaran lagireto da masu famfo ne, akwai asid a ciki, yau zai kama maka tsaf amma bayan wani lokaci wajen yayi kore ya ci layin. Na lantarki ake nema, mai ƙaron itace, launin zuma.

Wajen gwaji kuwa kaje wajen ƴan gwangwan ka sayi mataccen DVD ko tsohuwar dikoda ko rediyo a kuɗi kaɗan, ka zauna ka cire resisto da kafasita ɗaya bayan ɗaya ka mayar, ka sake cirewa ka mayar, har sai kana yi ba tare da layi ya ɗago ba. Mu da muka koya a Bauchi wajen Wunti har ayon na gawayi mun riƙe in ba wuta, ku yanzu komai ya zo muku da sauƙi.

Ɗalibi daga Gwallameji:

Baba ya gama magana akan ayon Allah ya ƙara girma, ni dai inaso in ƙara abu ɗaya da ban ga ka lissafa a kayanka ba, mita. Gsky liƙa dalma ba shi ne gyara ba, gano abin da ya mutu shi ne gyara, in baka da mita canke kawai zaka dinga yi kana cire lafiyayyun kaya kana zubarwa. Kuɗin buluwar nan da abokinka yake zuga ka ka sayi mita da shi, amma ka gwada ta a shagon kafin ka biya, ka murɗa zuwa alamar sauti ka haɗa bakunan biyu kaji tayi ƙara, don wasu ƙananan babu ƙarar a cikinsu kuma ita ce zaka fi amfani da ita wajen bin layi da gwada fiyus da swic da neman shot (inda layuka biyu suka haɗe ba bisa ƙa'ida ba). Sai wajen gwada diyod a mitar, shi ne abin da yake barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, lafiyayyen diyod na silikon zai nuna maka tsakanin 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya in ka juya bakunan ya nuna 1 ko OL, in ya yi ƙara ta ko'ina ya ƙone, in ba komai ta ko'ina ya yanke. Da wannan kaɗai zaka tada cajoji da fankoki masu yawa.

Kafin mita ma ido. Kafasitar nan mai kama da ƙaramin gwangwani in kanta ya kumbura ko ta yi yoyo ta mutu, da zafin Gombe da Bauchi kuwa suna yawan yi. In zaka canja ta, lambar uF ɗin da ke rubuce a jikinta ta zama daidai da ta tsohuwar, bolt ɗin daidai ko sama da shi kada ya gaza, in ka samu mai rubutun 105 digiri ta fi mai 85 jure zafi, kuma farin layin da ke gefenta shi ne negatif in ka juya ta zata fashe maka a fuska.

Sai maganar da ba wasa a ciki. Duk abin da ake jonawa a wutar gida, caja, dikoda, talabijin, akwai wata babbar kafasita a ɓangaren shigowar wuta mai rubutun 400V ko 450V, wutar 230 ɗin nan in an mayar da ita DC tana kai wajen 325, kuma kafasitar tana iya riƙe ta bayan ka zare filogi. Kada ka sa yatsa a bayan fanel sai ka auna ta da mita, in da saura ka sauke ta da kwan fitila irin na da mai zare a ciki 60W ko 100W, ka jona masa wayoyi biyu masu rufi ka taɓa ƙafafunta zai yi walƙiya ya mutu. Kada ka haɗa da sukundireba kamar yadda wasu ke yi. Wannan kwan ka adana shi da kyau don yanzu samunsa sai an tona, in ka gama gyara abu ka jona shi ta cikin kwan a jere kafin ka kai soket kai tsaye, in kwan ya haska ya koma dishi-dishi lafiya, in ya tsaya da haske sosai akwai shot har yanzu, kwan ya ɗauke maka ƙarar da hayaƙin.

Inda zan ɗan saɓa da Baba da izininsa, ni a ganina in Allah ya hore ka canja ayon ɗin zuwa mai wajen saita zafi ka ajiye shi a 330 zuwa 350, koyo zai fi maka sauri nesa ba kusa ba. Kuma tunda wuta bata zama akwai irin su TS100 da suke aiki da DC 12 zuwa 24, da batirin solar shagonku ma zai tashi duk da a 12V ba shi da ƙarfi sosai, in ka samu cajar laftof mai 19V ya fi.

Maman Hanifa:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena ni a Tumfure nake a cikin gida nake gyaran fitilun sola da tocila da fankoki na matan unguwa, mai gidana ne ya koya min, kuma ina faɗa maka kasuwar nan ta ishe ka farawa ba sai ka taɓa waya ba, yawanci ko waya ce ta tsinke a jikin swic ko bakin caji ya saki ko batir ya mutu. Amma tocilan nan masu filogi a jikinsu ka kula, da yawansu babu tiransifoma a ciki wata kafasita ce kawai take rage wutar, to in tana jone a soket duk inda ka taɓa a fanel ɗin zai iya jan ka, a zare tukuna a buɗe. Masu batirin litiyom 18650 kuma kada ka ɗora ayon a kan batirin kai tsaye zafi yana lalata shi yana iya kamawa da wuta, ka nemi mai ƴan kunnuwan ƙarfe a jiki ko ka sa shi a gidansa. Cikarsa 4.2V ne kada ya wuce, akwai ɗan fanel TP4056 da ake sayarwa shi yake tsayar da cajin a nan, ka nemi mai kariya wanda yake da OUT a jiki. Kar ka cire tsohon batir mai asid ka dasa litiyom a kan tsohon layin cajin haka kawai, za a kai ƙararka.

Abin da ya sa na sa baki dai maganar dalma ce don ba wanda ya taɓo. Wannan 40 ɗin da ke cikin 60/40 gubar dalma ce, ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Naka ba zai kai can ba amma ina ganin samari suna riƙe wayar lid da haƙori don hannu biyu sun cika, ko su gama aiki su sa hannu a kwanon gyaɗa, haba dai. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci komai, ka share ƴan ƙwallayen da suke zuba a tebur ka zubar inda yara basa kaiwa, ni ina da tabarma daban ta aiki ana gamawa nake naɗewa. Hayaƙin kuma na fulas ne yana kama ƙirji yana tada asma, ka zauna kusa da taga ko ka sa ƴar fanka tana janye shi daga fuskarka, ba wai ta dinga hura ayon ba.

Oga na Tashan Dukku:

Duk sun faɗa maka gaskiya, saura ɗaya, ka nemi oga. Bidiyon YouTube zai nuna maka hannu mai kyau a fanel mai tsafta, ba zai nuna maka wayar da ta faɗa miya ko wadda masu gyara uku suka riga suka jagwalgwala ba. Ka roƙi yayanka ya sake ka da yamma ka zauna gefen wani kana miƙa masa hantsaki kana kallo, ko shara ce kayi.

Dalilin da yasa Baba yace kada ka taɓa wayar ƙanwarka, dalmar da kamfani yake sawa a waya ba irin taka bace, tun 2006 da Turai suka hana gubar dalma a kayan lantarki kamfanoni suka koma wadda babu ita, ita kuma sai wajen digiri 217 zuwa 220 take narkewa, ga fanel ɗin waya hawa-hawa ne da jan ƙarfe a ciki yana shanye zafi, sai kaga kana ta dannawa taƙi narkewa ka ƙara ƙarfi ka ja, bakin cajin ya fito da layukansa a jiki shikenan aiki ya koma na maikuroskof. Mu abin da muke yi sai mun fara cire batir, mu sa fulas, mu ƙara lid ɗinmu mai 63/37 a ƙafafun ya gauraya da na kamfani ya sauko da zafin narkewar sannan a kawo buluwa, kuma makirfon yana nan kusa da bakin caji a yawancin wayoyi, iska ta ɗan karkace ka gyara caji ka kashe magana. Da yawa daga wayoyin da ake cewa basa caji ma datti ne ya cushe a ramin, da tsinken sakace da ɗan sifirit ya tashi, wannan kam ka iya yinsa tun yau a shagonku amma a kashe wayar kuma banda allura.

Buluwa zaka saya amma ba yanzu ba, in lokaci yayi ƴar 858D ta ishe ka, ka fara da matattun fanel ɗin waya, kowane mai gyara yana da su cike da leda. Wankin fanel da sifirit da tsohon burushin haƙori, tina da wasu ke sawa tana cin roba da sukurin. Da hunturu kuma ka lura, iskar nan busasshiya da kake taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka, wannan ɗan jan ya isa ya kashe IC (ƴan baƙaƙen ƙwaƙwalwar nan da ke kan fanel), ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki fanel kuma ka riƙe shi ta gefe.

Sannan in ka fara karɓar wayar mutane babu ruwanka da hotunansu da saƙonninsu, gari ƙarami ne, magana ɗaya ta fita daga shagonka ka gama sana'a.

Ɗan Jekadafari:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Baba na duba bakin ayon ɗin jan ƙarfe ne zalla, na goge na naɗa lid kamar yadda kace wlh yanzu fari tas yake, na samo wani tsohon DVD na gwada a ƙafafun resisto yana kamawa har da sheƙi. Fes ɗin na nuna wa wani mai gyaran talabijin yace ba na lantarki bane na ajiye shi. Anti Maman Hanifa na ji maganar wanke hannu. Abin da ya rage in na cire abu ramin sai ya toshe da lid ƙafar sabon taƙi shiga, ya ake buɗewa? Kuma kafin in samu kuɗin mai saiti ya zanyi kada wannan ya sake yin baƙi, ko in dinga zarewa ina jonawa?

Baba mai rediyo:

Madalla ɗana. Ramin da ya toshe kada ka soka masa allura da ƙarfi, ka ƙara masa sabuwar dalma tukuna, eh ƙarawa, don sabon fulas ya shiga ta narke gaba ɗaya, sannan ka zuƙe da famfon zuƙar dalma, ana sayar da shi inda ka sayi ayon. In babu ka narkar ka tura tsinken sakace ta ɗaya gefen, dalma bata kama itace. Ko ka feɗe wayar wuta mai siraran gashi ka murɗa ka shafa mata fulas ka ɗora a ramin ka danna ayon a kai zata tsotse.

Zarewa da jonawa zai yi amma zai gajiyar da kai. Abin da muke yi shi ne a sa diyod 1N4007 a layin wayar ayon tare da swic a gefensa, in ka buɗe swic wuta ta bi ta diyod ƙarfin ya ragu rabi ayon ya zauna da ɗumi bai ƙone ba, in zaka yi aiki ka rufe ya dawo cikakke. Amma tunda wutar gida ce kada ka haɗa kai kaɗai, ka kai wa mai talabijin ɗin nan da ya duba maka fes ya haɗa a gabanka ya sa a cikin akwatin roba, daga nan ma sai ka tambaye shi ko yana son yaro da yamma.